Idan Jirgin Sama Ya Yi Jinkiri, Wa Ke Bin Diyya, Kuma Nawa?

Shin gaskiya ne duk fasinjan da jirgin sama ya ɓata wa awa uku yana bin kamfanin jirgin yuro 600? Wannan magana ta jima tana yawo a wayoyin mutane a nan Maraɗi, kuma takan sake tasowa duk lokacin da masu Umra suka dawo, ko wani ɗan kasuwa ya sauka daga Dubai ko Istanbul yana ba da labarin yadda ya kwana a filin jirgi, ya yi matashin kai da jakarsa. A majalisa mutane sukan rabu biyu. Wasu sun haƙiƙance cewa kuɗin suna nan ajiye, kasala ce kawai ta hana mu karɓa. Wasu kuma suna cewa tatsuniya ce, ko kuwa Turawa kaɗai ake biya.

Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya ya saki sauran. Kuɗin akwai su, kuma dokar da ta tanade su ba ta tambayar launin fata ko irin fasfon da mutum yake riƙe da shi. Sai dai ba doka ɗaya ce ke hukunta dukkan jiragen duniya ba. Abin da fasinja zai samu ya rataya ne a kan tambayoyi uku: daga wace ƙasa jirgin ya tashi, kamfanin na wace ƙasa ne, kuma mene ne ya jawo jinkirin.

Abubuwan da ake haɗawa a kira su duka diyya

Rabin ruɗanin yana zuwa ne daga kalmar kanta, domin abubuwa huɗu ne mabambanta muke tarawa a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai kulawa, wato ruwa da abinci da damar kiran waya, da masauki da motar zuwa masaukin idan jiran ya kai ga kwana. Akwai mayar da kuɗin tikiti ga wanda ya gaji ya fasa tafiyar. Akwai ƙayyadaddiyar diyya, wadda doka ta yanke adadinta tun kafin a tashi, kuma ba a tambayar fasinja ko ya yi asara ko bai yi ba, lokacinsa da aka ɓata ne ake biya. Na huɗu shi ne biyan asarar da mutum ya yi da gaske, wadda sai ya kawo takardun shaida kafin a saurare shi.

Amfanin rarrabewar shi ne, fasinja da yawa idan aka miƙa masa kwalbar ruwa da burodi, ko aka kai shi otal, sai ya ɗauka an sallame shi ke nan. A inda dokar Turai ke aiki, abinci da masauki ba sa cin diyya, kowanne zaman kansa yake yi. Haka nan jinkiri daban ne da soke tashi, kuma dukansu daban ne da hana mutum shiga jirgi saboda an sayar da tikiti fiye da kujeru. Kowanne yana da hukuncinsa, amma a nan jinkiri ne za mu fi tsayawa a kai.

Inda maganar yuro 600 ta samo asali

Tushenta wata doka ce ta Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004, wadda ta fara aiki a watan Fabrairun 2005. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, rubutun dokar bai yanke wa wanda aka yi wa jinkiri kuɗi ba, ya yanke ne ga wanda aka soke jirginsa ko aka hana shi shiga. Kotun Tarayyar Turai ce, a watan Nuwamban 2009, cikin shari'ar da aka fi sani da sunan Sturgeon, ta ce babu adalci a biya wanda aka soke wa jirgi a bar wanda aka ajiye na tsawon lokaci guda, alhali wahalarsu ɗaya. Tun daga nan wanda ya isa inda za shi da lattin awa uku ko fiye yana bin diyya kamar wanda aka soke wa tashi.

Adadin yana bin nisan tafiya, ba tsadar tikiti ba. Tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba yuro 250 ce. Daga 1,500 zuwa 3,500 yuro 400 ce. Abin da ya haura kilomita 3,500 shi ne ke kai yuro 600, in dai ba tafiya ce a cikin Tarayyar kanta ba. Tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, lissafin ba ya canzawa da kasuwa: yuro 250 sefa 163,989 ne, yuro 400 sefa 262,383, yuro 600 kuma sefa 393,574, wato kusan jikka 394 a ƙirgenmu na gida. A doguwar tafiya akwai wani sharaɗi da masu yaɗa saƙon waya ba sa faɗa: idan lattin ya tsaya tsakanin awa uku da huɗu, kamfani na da ikon rage kuɗin zuwa rabi, yuro 300.

Lokacin isa ake dubawa, ba lokacin tashi ba. Jirgin da ya tashi da lattin awa uku da kwata amma ya rage hanya ya sauka da lattin awa biyu da minti hamsin ba ya jawo diyya. Kotun ta kuma fayyace a 2014 cewa isa ba saukar tayoyi a ƙasa ba ne, lokacin da aka buɗe ƙofar jirgi aka ba fasinjoji damar fita ne. Saboda haka mintunan da ake yi a zaune a cikin jirgi bayan ya tsaya suna cikin lissafi, kuma sau da yawa su ne ke raba mai samu da mai rasawa.

Kulawa kuwa tana farawa tun a filin jirgi: bayan awa biyu a gajeriyar tafiya, awa uku a matsakaiciya, awa huɗu a doguwa. Idan jinkirin ya kai awa biyar, fasinja na iya cewa ya fasa, a mayar masa da kuɗin tikitinsa cikin kwana bakwai.

Wane ne daga cikinmu dokar ta shafa

A nan ne mafi yawan fatan da ake ɗorawa ke rushewa, don haka sai a bi a hankali. Dokar tana aiki a kan duk jirgin da ya tashi daga filin jirgin wata ƙasa ta Tarayyar Turai, ko kamfanin na wace ƙasa ne. Tana kuma aiki a kan jirgin da ya taso daga waje zuwa cikin Tarayyar, amma da sharaɗin kamfanin da ya ɗauki fasinjan ya zama na Tarayyar ne. Ban da waɗannan biyu babu, sai dai a wannan doka ana ƙirga Norway da Iceland da Switzerland tamkar ƙasashen Tarayyar.

A ɗauki ɗalibar da ta bar Maraɗi ta hau mota zuwa Yamai, ta tashi daga filin jirgin Diori Hamani za ta Faransa a jirgin kamfanin Maroko ko na Turkiyya ko na Habasha. Ko awa goma aka ajiye ta, dokar Turai ba ta shafe ta ba, domin ta tashi daga wajen Tarayyar kuma kamfanin ba na Tarayyar ba ne. Amma ranar da za ta dawo hutu daga Paris a wannan kamfanin dai, dokar ta rufe ta. Tikiti ɗaya, kamfani ɗaya, fasinja ɗaya, amma zuwa da dawowa hukuncinsu daban. Tun da Air France ya dakatar da zuwa Yamai a watan Agustan 2023, wannan bambanci ya ƙara nauyi a kanmu, domin kamfanonin da ke fitar da mutanenmu daga Yamai galibinsu ba na Tarayyar Turai ba ne.

Wani abin da ya kamata masu dawowa su sani shi ne hukuncin ya da zango. Idan mutum ya sayi tafiyarsa daga Paris zuwa Yamai ta hanyar Kasabalanka a matsayin tikiti ɗaya, kuma matsalar ta faru ne a Kasabalanka ba a Turai ba, har yanzu dokar tana aiki, domin Kotun ta yanke a 2018, a wata shari'a da ta shafi tafiya daga Jamus zuwa Maroko, cewa tafiyar gaba ɗayanta abu guda ce da ta faro daga Turai. Ana kuma auna lattin ne a zangon ƙarshe. Jirgin farko na iya makara da awa ɗaya kacal, amma idan wannan awa ta sa mutum ya rasa jirgi na biyu har ya kwana, lattin isarsa Yamai ake lissafawa. Nisan Paris da Yamai ya haura kilomita 3,500, saboda haka babban adadin ne ke hawa.

Duk wannan yana zubewa idan tikiti biyu ne daban. Wasu masu sayar da tikiti, don su nuna wa mutum farashi mai sauƙi, sukan yanko masa zangon farko a wani kamfani, na biyu a wani, kowanne da lambarsa. A idon doka tafiya biyu ce. Idan na farko ya makara aka rasa na biyu, kamfani na biyu zai ce fasinja ne bai zo ba, kuma yana da gaskiya. A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a gaban teburin ajans, kuma ita ce aka fi mantawa: lambar ajiye kujera ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe, ko biyu?

Ingila, bayan ficewarta daga Tarayyar, ta riƙe irin wannan doka da kuɗinta, fam 220 da 350 da 520. Turkiyya tana da tata dokar da aka gina bisa tsarin ta Turai. Amurka kuwa ba ta da ƙayyadaddiyar diyya a kan jinkiri, abin da ta fi ƙarfafawa shi ne mayar da kuɗi ga wanda ya fasa.

Uzurin da ke kuɓutar da kamfani, da wanda ba ya kuɓutarwa

Ko a inda dokar ke aiki, kamfani ba ya biyan diyya idan ya tabbatar cewa jinkirin ya faru ne saboda wani lamari da ya fi ƙarfinsa, wanda ko ya ɗauki dukkan matakan da suka dace ba zai iya kauce masa ba. Mu mutanen Sahel mun san babban misalinsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauko har matuƙi ba ya iya ganin titin sauka a Yamai ko Kano, babu wanda zai ɗora wa kamfani laifi, kuma babu mai hankalin da zai so a tilasta wa jirgi sauka a cikin wannan hali don gudun biyan kuɗi. Rufe sararin samaniya, kamar yadda aka yi a Nijar daga watan Agusta zuwa farkon Satumban 2023, yana cikin wannan rukuni. Haka ma yajin aikin masu ba jirage hanya, irin wanda ma'aikatan ASECNA, hukumar da ke wannan aiki a ƙasashenmu, suka yi a watan Satumban 2022, tunda ba ma'aikatan kamfanin jirgi ba ne. Har tsuntsun da ya faɗa wa injin jirgi Kotun Turai ta karɓe shi a matsayin uzuri a 2017.

Amma kalmar da aka fi ji a lasifikar filin jirgi, wato matsalar na'ura, galibi ba uzuri ba ce. Tun 2008 Kotun ta ce lalacewar da ke tasowa daga aikin jirgi na yau da kullum tana cikin abin da kamfani ya ɗauki nauyinsa ranar da ya shiga wannan sana'a, kamar yadda mai motar haya ba zai ce wa fasinja fashewar taya ƙaddara ce da ba ta shafe shi ba alhali shi ne ke da alhakin duba tayoyinsa. Yajin aikin ma'aikatan kamfanin kansa, matuƙa ko masu hidima a cikin jirgi, shi ma Kotun ta ce a 2021 ba ya kuɓutarwa. Kuma nauyin kawo hujja a kan kamfani yake. Bai isa ya rubuto cewa yanayi ne ba, sai ya nuna yanayin da kuma yadda ya shafi wannan jirgi.

Uzuri yana ɗauke diyya ne kawai, ba ya ɗauke kulawa. Lokacin da wani dutse mai aman wuta a ƙasar Iceland ya tsayar da jiragen Turai kwanaki a 2010, Kotun ta yanke daga baya cewa kamfani dole ya ciyar da fasinjansa ya ba shi masauki, ko da kuwa babu hannunsa a abin da ya faru.

Yarjejeniyar Montreal: dokar da ta fi shafar ƴan kasuwarmu

Mafi yawan tafiye-tafiyen mutanen Maraɗi ba Turai suke nufa ba. Jidda ne da Madina, Dubai, Alƙahira, Istanbul, Guangzhou, Abijan, Lome. A irin waɗannan hanyoyi abin da ake dogara da shi shi ne Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta fara aiki a 2003, ta gaji tsohuwar yarjejeniyar Warsaw ta 1929. Ƙasashe fiye da 130 sun shiga cikinta, har da Nijar da Najeriya da Saudiyya. Sashe na 19 ya ce kamfani na da alhakin asarar da jinkiri ya jawo wa fasinja ko kayansa, sai idan ya tabbatar ya yi duk abin da ya kamata don kauce wa asarar.

Bambancinta da dokar Turai babba ne. A nan babu kuɗin da ake bayarwa don kawai an jira. Sai mutum ya nuna abin da ya fita daga aljihunsa: kuɗin otal da ya biya da kansa, abincin da ya saya, tikitin wani jirgi da ya ƙone, har da tikitin motar Yamai zuwa Maraɗi da ya riga ya yanka ta tafi ta bar shi. Gajiya da ɓacin rai ba kasafai kotuna ke sa musu farashi ba a ƙarƙashin wannan yarjejeniya, kuma ribar cinikin da mutum yake ganin da ya samu da ya isa da wuri abu ne mai wuyar tabbatarwa. Akwai kuma iyaka. Ana lissafa ta da ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR, masu Faransanci kuma DTS, kuma tun daga 28 ga Disamban 2024 iyakar asarar jinkirin fasinja ita ce SDR 6,303, abin da ya kusa sefa miliyan biyar. Wannan rufi ne, ba rabo ba. Wanda ya kawo rasit na jikka 60, jikka 60 zai nema.

Batun kaya ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ƴan kasuwarmu, musamman mata masu saro atamfa da turare da takalma da kayan ɗaki, suka fi cutuwa. Iyakar abin da kamfani zai biya a kan kayan da suka ɓata, suka lalace ko suka makara ita ce SDR 1,519, wato sefa miliyan ɗaya da ɗoriya, kuma ga kowane fasinja ne, ba ga kowace jaka ba. Hajiyar da ta auna jaka biyar na haja ta miliyan huɗu, idan duka suka salwanta, wannan rufi ɗaya ne a kanta. Hanyar ɗaga shi ita ce bayyana darajar kayan a wurin awo kafin tashi, a biya ƙarin kuɗi idan kamfanin ya nema, a karɓi shaida. Kaɗan ne ke yin haka, wasu don ba su sani ba, wasu don ba sa son a san abin da suka ɗauko.

Wa'adin ma gajere ne ƙwarai. Idan jaka ta iso a fashe ko kayan ciki sun lalace, kwana bakwai ne mutum yake da shi ya rubuta ƙorafi. Idan makara ta yi, kwana 21 ne daga ranar da aka miƙa masa ita. Jakar da ta kwana 21 ba ta zo ba ana iya ɗaukarta a matsayin ɓatacciya. Ga mutumin Maraɗi wannan wa'adi yana da wani ciwo na daban: ya sauka Yamai da tsakar dare, hankalinsa na kan motar asuba da tafiyar sama da kilomita 600 da ke gabansa, sai wani ya ce masa ya tafi za a kira shi. Ya tafi ba tare da ya cika takardar rahoton kaya a teburin da ke kusa da wurin ɗaukar jakunkuna ba, ba tare da lambar bibiya ba. Bayan mako uku babu abin da zai nuna. Ko motar za ta tafi, wannan takarda a cika ta kafin a fita daga zauren, a kuma adana ƴar takardar lamba da aka manna a bayan katin shiga jirgi. Ƙarar kotu kuwa, a ƙarƙashin yarjejeniyar, tana mutuwa bayan shekara biyu.

Dokokin da suka fi kusa da gida

Ba gaskiya ba ne cewa a yankinmu babu doka. Ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta har bayan ficewarta daga CEDEAO a watan Janairun 2025, tana da doka mai lamba 03 ta 2003 da ta tsara haƙƙin fasinjan da aka hana shiga jirgi, ko aka soke jirginsa, ko aka yi masa dogon jinkiri. Hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin jirage a ƙasar nan ita ce ANAC, kuma can ne ake kai ƙorafin da kamfani ya ƙi saurara. Raunin ba a rubutu yake ba. Fasinjoji ba su san dokar ba, ba a cika ganin ta manne a inda ake jira ba, kuma kamfanin da ya san babu mai tambaya ba zai yi gaggawar tunatarwa ba.

Ga masu bi ta Ɗan Isa da Jibiya su hau jirgi a Katsina ko filin Malam Aminu Kano, dokar Najeriya ce ke aiki, sashe na 19 na ƙa'idojin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar. A jiragen cikin gida, bayan awa biyu ana ba da abin sha da ɗan abin taɓawa, bayan awa uku fasinja na iya neman a mayar masa da kuɗinsa, idan kuma jiran ya faɗa tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba sai masauki. Inda diyya ta wajaba ana auna ta ne da kuɗin tikiti, kashi 25 cikin 100 a tafiyar cikin gida, kashi 30 a ta ƙasashen waje. Ɗan Nijar da ya sayi tikiti yana da wannan haƙƙi daidai da ɗan Najeriya.

Saudiyya ta sabunta dokarta a watan Nuwamban 2023. Jinkirin da ya wuce awa shida yana jawo riyal 750, daidai da dalar Amurka 200, ban da abinci da masauki, kuma dokar ta haɗa da jiragen shata na Hajji da Umra. Tana aiki a kan jiragen da ke tashi daga filayen jirgin ƙasar, wato daidai zangon da alhazanmu suka fi shan wahala, na dawowa daga Jidda ko Madina. Hukumar da ke karɓar ƙorafi ita ce GACA.

Alhazai da matsalar tikitin da ba a hannu yake ba

Alhaji ko hajiya da suka biya kuɗin kujera ta hannun ajans sau da yawa ba sa ganin tikitinsu sai a filin jirgi, wani lokacin ma katin shiga kawai ake miƙa musu, a jefar da shi bayan an sauka. Ba su san lambar jirgi ba, ba su san lokacin da aka rubuta zai tashi ba, don haka ba su da abin da za su auna lattin da shi. Lambar waya da adireshin imel da ke cikin rajistar na ajans ne, duk saƙon da kamfani ya aiko can yake tsayawa. A doka kamfanin da ya ɗauki fasinja shi ke da alhakin jinkirin jirginsa, ajans kuma yana da alhakin abin da ya yi alkawari a yarjejeniyarsa da maniyyaci, sannan hukumar COHO ce ke sa ido a kan shirin Hajji da Umra gaba ɗaya. Idan ba a rarrabe waɗannan ba, kowa sai ya nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Akwai kuma abin da ke zuciya, wanda ban ɗauke shi da wasa ba. Dattijon da ya dawo daga Ɗakin Allah yana jin nauyin ya buɗe baki ya nemi kuɗi a kan kwana biyu da ya yi a Jidda, yana ganin kamar zai rage ladan haƙurinsa, kuma mukan ce wani jinkirin alheri ne. Haka ne. Amma haƙuri da abin da Allah ya hukunta bai hana mutum karɓar abin da aka yi alkawari da shi a ciniki ba, kuma tikiti ciniki ne. Wanda ya ga dama ya yafe, wannan nasa ne, sai dai ya kamata ya san abin da yake yafewa. Aikin ƴaƴa da jikoki masu karatu ne su ɗauki hoton tikiti da katin shiga tun kafin tsofaffinsu su tashi.

Yadda ake nema

Aikin yana farawa ne tun ana zaune a filin jirgi. A ɗauki hoton allon da ke nuna jinkirin, a tambayi ma'aikaci dalili, in da hali a rubuce, a lura da lokacin da aka buɗe ƙofa bayan sauka. Idan kamfani bai ba da abinci ko masauki ba mutum ya saya da kansa, ya sayi abin da hankali zai ɗauka, ya karɓi rasit. Kada a sa hannu a kan takardar da ba a karanta ba. Dokar Turai ta ce diyya kuɗi ce, a hannu ko ta banki, kuma ba a maye gurbinta da takardar rangwamen wata tafiya sai da amincewar fasinja, amma da zarar ya amince ya sa hannu magana ta ƙare.

Daga nan a rubuta wa kamfanin da ya ɗauki mutum, ba ajans ba, ta shafinsa na intanet ko ta imel, da Faransanci ko Turanci. Wasiƙar ba ta buƙatar tsawo: sunan fasinja kamar yadda yake a fasfo, lambar ajiye kujera, lambar jirgi da ranar tafiya, lokacin da ya kamata a isa da lokacin da aka isa, dokar da ake dogara da ita, adadin da ake nema, da lambar asusun banki. Kowane fasinja mai tikitin da aka biya yana da nasa kaso, don haka magidanci da matarsa da ƴaƴa biyu masu kujera diyya huɗu suke bi. Amsar farko sau da yawa ƙi ce, ko shiru. Wannan ba ƙarshen magana ba ne, a sake rubutawa a nemi hujja, sannan a kai ga hukumar ƙasar da jirgin ya tashi, misali DGAC a Faransa. Wa'adin neman diyyar Turai ya danganta da ƙasa, a Faransa shekara biyar ne, a Jamus uku.

Akwai kamfanonin da ke bin diyya a madadin fasinja, ba sa karɓar komai sai an samu, sannan su cire kusan kashi ɗaya cikin uku, ko fiye idan an je kotu. Ga wanda ke zaune a Maraɗi, nesa da kotunan Turai, wani lokaci wannan ya fi barin kuɗin gaba ɗaya, amma ya fi kyau mutum ya fara gwada rubutawa da kansa, tunda kyauta ne. Duk wanda ya kira waya ko ya aiko saƙo yana cewa a tura masa kuɗin buɗe fayil kafin diyya ta fito, ko yana neman lambar sirri ta katin banki, ɗan damfara ne.

Abin da kamfanoni ke cewa, da sauyin da ake ja a kai

Kamfanonin jirage suna da hujjarsu, kuma ba duka ba ce abin watsarwa. Suna cewa ƙayyadaddiyar diyya kan wuce kuɗin tikitin kansa, cewa abin da suke biya a ƙarshe yana komawa cikin farashin da kowa ke saye, kuma awa uku ba ta isa a kawo wani jirgi ko wani ƙarfen gyara zuwa filin da ke nesa da cibiyarsu ba. Ga kamfanonin Afirka maganar ta fi tsanani, domin jiragensu kaɗan ne, babu na ajiya, man jirgi da harajin filaye suna da tsada, kuma jirgi ɗaya ne ke zagaya birane uku ko huɗu a yini, lattin safe yana bin sa har dare. Masu kare fasinja kuwa suna cewa kamfanin da jinkiri ba ya ci masa komai ba shi da dalilin gyara tsarinsa, nauyin sai ya koma kan wanda ya fi rauni. Na fi karkata ga wannan, saboda abin da nake gani a hanyoyinmu, inda mai jiran ba shi da zaɓin wani jirgi sai bayan kwana ɗaya ko biyu.

A watan Yunin 2025 ministocin sufuri na ƙasashen Tarayyar Turai sun amince da shawarar ɗaga ma'aunin: awa huɗu da yuro 300 a tafiyar da ba ta wuce kilomita 3,500 ba, awa shida da yuro 500 a wadda ta wuce. Majalisar dokokin Tarayyar ta tsaya a kan awa uku, kuma irin wannan sauyi ba ya zama doka sai ɓangarorin biyu sun daidaita. Ko da yake a Turai ake wannan ja-in-ja, hanyar Paris zuwa Yamai tana cikin dogon rukuni. Ɗalibar da ta iso da lattin awa biyar tana bin sefa 393,574 a ma'aunin awa uku, a ma'aunin ministocin kuwa ba ta bin ko dala, wanda ya haura awa shida kuma nasa zai sauko zuwa sefa 327,979.